Tururuwar Gidan Alhaji Tambari

A Ƙofar Taramniya in ka ce Balaraba, sai a tambaye ka wacce. In ka ce ta gidan Maigandi baduku, tsofaffi su yi dariya su ce, a'a, mai tambaya kake nufi. Tun tana 'yar mitsitsiya idonta bai iya ganin abu ya bar bakinta ya huta ba. Takan tsuguna gaban mahaifinta yana yankan jar fata, ta ce me ya sa bagaruwa take hana fata ruɓewa, me ya sa ta akuya ta fi ta tunkiya ƙarko, wa ya fara gane haka, shi kuma wa ya gaya masa. Maigandi mutum ne mai haƙuri, amma ko rijiya ana kai wa gindinta. Ranar da mai unguwa ya zo neman 'yan matan da za a sa boko, maƙwabta suka yi ta ɓoye nasu a bayan rumbu, shi kuwa ya kamo hannun tasa ya miƙa.

"Ku tahi da ita," in ji shi. "An ce can akwai waɗanda ake ba albashi don su amsa tambaya."

Haka ta shiga firamare, ta fita, ta wuce makarantar 'yan mata ta kwana. A wani hutu, lokacin ana yaƙin basasa, masu allurar lamba suka zo unguwarsu da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ake taka ta da ƙafa ta yi tsartuwa a damtse. Yara suna ta kuka, Balaraba kuwa ba na'urar ce ta ɗauke mata hankali ba. Wata mace ce cikin shuɗiyar riga, wadda take barin maza a ƙofar gida ta yi sallama ta shige har tsakar gida, ta fito da mata da jarirai a bayanta kamar kaza da 'yan tsaki. Balaraba ta bi ta gida uku kafin ta samu bakin magana. Ta ce ko ita likita ce.

Matar ta ce ita malamar lafiya ce. Likita yana zaune ciwo ya zo ya same shi, ita kuwa fita take yi ta tare shi a hanya. Da yarinyar ta tambayi yadda ake zama haka, sai ta ce tsani ne mai hawa uku: a koyi jinya, a koyi ungozoma, sannan in an yi aiki an ga hankalin mutum, a tura shi kwas na kiwon lafiyar jama'a.

Hawa biyu na farko Balaraba ta yi su ba tare da tuntuɓe ba. Shekara uku a makarantar koyon jinya, tana gyaran gado har kusurwar zane ta tsaya kamar an yanka da wuƙa, tana haddace sunayen ƙasusuwa da Turanci, tana koyon karanta ma'aunin zafi da jin bugun jini da yatsa. A shekarar da amai da gudawa ya shigo gari, ita da 'yan ajinsu suka ɗauki bokiti har tafin hannunsu ya yi kanta. Ta ƙara shekara guda a ungozoma. Daga nan aka ba ta farar hula aka kai ta ɗakin yara na babban asibiti.

Lokacin kuwa kuɗin mai sun fara malala. Sakkwato ta cika da ƙarar buga bulo, kwalta tana miƙewa wajen Mabera inda dā gonaki ne, ƙarin albashi ya zo ma'aikata suka sayi rediyo da babur. Asibiti ma ya samu sababbin gadaje. Amma Balaraba ta lura da wani abu da sabon gado bai magance ba. Sai ta sallami yaro ya yi kumatu, uwarsa tana ta godiya, bayan wata biyu a dawo da shi maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, kamar an tsotse shi. Ta yi masa ƙarin ruwa ya farfaɗo, ya tafi, ya sake dawowa. Ita dai ta san ciwon nan ba daga sama yake faɗowa ba. Yana da ɗakin da yake kwana, yana da ƙofar da yake fitowa, ita kuma tana tsaye a ƙarshen hanya tana tarar abin da ya riga ya ɓaci. Hawa na uku take so, ba don shuɗiyar riga ba, don ta ga inda hanyar ta faro.

Dama ta zo a shekarar 1976, da soja suka raba jihar gida biyu. Ma'aikata 'yan wajen Bida da Minna suka fara ɗaure kaya, cikinsu har da Sista Mariyatu, Banufiya mai kula da asibitin awo na cikin gari, wadda ta shekara goma sha wani abu tana shiga gidajen Sakkwatawa. Aka ce kafin ta tafi ta zaɓi nas guda da za a tura Kaduna kwas. Masu so da yawa, gurbi ɗaya. Sista ta ce duk mai so ta zo ta yi mata aikin zagayen gidaje tukuna, ta gani da idonta.

Ranar da Balaraba ta fara, Sista ta dube ta daga hula har takalmi.

"Nas Balaraba, a asibiti kina tsaye mara lafiya yana kwance, kin fi shi tsawo. A gida tabarma za a shimfiɗa miki, uwar gida tana kan kujera. Ni ba ruwana da abin da kika haddace. Gidan da kika shiga, in sun ce ki dawo, kin ci. In sun rufe miki ƙofa, ki koma ɗakin yara ki ci gaba da ba da magani, ba abin kunya ba ne."

Makonni na farko sun tafi lami lafiya. Bazara ce, irin ta Sakkwato, wadda ƙadangare ma yake ɗaga ƙafa in ya taka ƙasa. Balaraba tana bin lunguna da jakarta, tana duba cibiya, tana tuna wa mata ranar awo da ranar rigakafi. Sai aka ce an yi haihuwa a gidan Alhaji Tambari, ɗan kasuwar atamfa wanda kwangila ta buɗe masa, har ya ɗora bene na siminti a gaban tsohon gidansu na ƙasa. Mai jegon ita ce Hasana, matar ɗansa. Haihuwar fari ce, kuma da yake marainiya ce ba ta tafi wankan gida ba, tana hannun surukarta, Hajiya Dije.

Balaraba ta yi sallama aka amsa, aka yi mata shimfiɗa, aka kawo ruwa. Ɗakin ya sha jere, kabad cike da kwanoni har sama. Jaririn yana kwance a gefe, an tokare masa fida, kwalbar shayar da jarirai, da tsumma, ƙuda na zagaya bakin robar. Hasana tana jingine da bango ta kau da kai, kamar yadda kunyar ɗan fari ta tanada, amma gaban rigarta ya jiƙe, ƙirjinta ya cika ya yi tauri, tana cije leɓe.

"Hajiya, yaron ba ya shan nono?"

"An gwada nonon, Malama," in ji Hajiya Dije. "Inna Dodo da kanta tag gwada. Tururuwa ukku anka sa, ba wadda tah hita. Nonon ga ba shi da kyau. Alhaji ya sawo mashi madara ta Turai, kwali guda."

Al'ada ce da kowa ya sani a unguwar. In mace ta yi haihuwar fari, ungozoma takan tatsi nononta ta jefa tururuwa a ciki. In sun yi iyo sun fita, nono lafiyayye ne, a ba yaro. In sun mutu a ciki, an ce akwai guba, sai a nema wa yaro madara a wani wuri. Balaraba ta san wannan tun tana yarinya. Amma a lokacin idonta yana kan fidar, tana ganin gadajen ɗakin yara a cikinta, sai bakin ya riga hankali.

"Haba Hajiya, wanga ai camhi na! Tururuwa mi tas sani ga nono? Madarar ga da kuke ɗura mashi ita za ta kashe shi."

Matan da suka zo barka suka dubi juna. A gidan da ko suna ba a yi ba, an ambaci mutuwa a kan jariri.

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji Hajiya Dije, a hankali, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ɗiyar Maigandi, don kin sa hwarin kaya shi na za ki yi wa jikana baki? Mun gode. A gai da mutanen asibiti."

Aka naɗe tabarmar tun kafin ta gama sa takalmi.

Sista Mariyatu ta saurari labarin tana wanke hannu, ba ta katse ta ba.

"Gaskiya kika faɗa," in ji ta. "To, gaskiyar ta shayar da yaron?"

Balaraba ta sunkuyar da kai.

"Nono in ba a sha shi ba ƙafewa yake yi, kin sani. Gidan nan shi ne jarrabawarki. In suna ya wuce ba ki koma ba, ni zan shiga da kaina, don yaro ba abin gwaji ba ne. Amma ki sani, sunan wata zan aika Kaduna."

Da la'asar ta koma gida ta zauna gindin dogon yaron da ke tsakar gidansu, ko kayan aiki ba ta cire ba. Tana ta juya maganganun da za ta je ta ba Hajiya haƙuri da su, kowanne ta ɗauko sai ta ga ba zai buɗe ƙofa ba, domin ko an yafe mata, nonon dai an riga an yanke masa hukunci. Kusa da ƙafarta jerin tururuwa ne suna jan tsabar gero zuwa raminsu. Ta zuba musu ido. Can sai wata tambaya ta taso mata, wadda da ta yi ta tun a ɗakin Hajiya da ba a naɗe mata tabarma ba. Ita ta ce tururuwa ba ta san nono ba, to shi ke nan. Amma ai mata da yawa an gwada nasu tururuwa ta fita. Me ya sa take fita a na wata ta mutu a na wata? In ba guba ba ce, mene ne?

Ta tashi ta leƙa waje, ta tsayar da wata Bafillatana ta sayi madarar shanu. Ta ɗauko ludayin duma na mahaifiyarta ta zuba kaɗan, ta tsinci tururuwa da tsinke ta jefa. Suka yi 'yan wutsil-wutsil, suka kai gefe, suka kama jikin duman suka haye, suka tsaya a baki suna share ƙafa. Ta sake da wasu, suka fita. Ta gwada a ƙoƙo, suka fita. Ta ce a ranta to madarar shanu ba ta da guba ke nan, bari a ga ko akwai abin da zai sa ta yi. Ta sa gishiri, suka fita. Ta sa sukari, suka fita da ƙyar, kamar ba sa so.

Maigandi ya fito zai tafi masallaci ya tarar da ita durƙushe.

"Shekara huɗu kina karatun likita, ashe ƙarshenta kiwon tururuwa na?"

"Baba, tambaya nike musu."

"To Allah shi ba su haƙuri," in ji shi, ya wuce.

Ludayi da ƙoƙo duk sun ɓaci da gishiri da sukari, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko kofin shayinta na tangaran, ta zuba sauran madarar tsura, ta jefa uku. Suka yi iyo suka kai gefe kamar na farko. Ta farko ta ɗora ƙafa ta zame. Ta sake, ta zame. Suka yi ta zagaya kofin suna lalube, bango sumul ba wurin kamawa, ga maiƙon madara a ƙafa, har ƙarfinsu ya ƙare suka yi shiru a kan farin ruwan. Madara ɗaya, saniya ɗaya. Balaraba ta daɗe tana shafa cikin ludayin da yatsa, tana jin kaushinsa, sannan ta shafa cikin kofin.

Saura abu guda da ba ta sani ba, kuma mutum ɗaya ce za ta iya gaya mata.

Washegari da hantsi ta ɗaura atamfa ta yafa mayafi, ta sayi goro, ta sa kofi da ludayi a jaka ta nufi gidan Inna Dodo. Tsohuwar ita ce ungozomar unguwar tun kafin a san asibiti, rabin mutanen Ƙofar Taramniya ta hannunta suka faɗo duniya. Ta tarar da ita tana ba akuyarta dusa.

"Ina kwana, Inna?"

"Lahiya lau. A'a, Malama mai kashe jarirai da baki! Yau ina hwarin kayan?"

"Na wanke su, Inna."

"Da bakin kin haɗa kin wanke. Ni niy yanke miki cibi, ke ko kin tashi gaban mutane kin ce aikina camhi na."

"Na yi kuskure, Inna. Ba gardama nit taho yi ba, tambaya ta kawo ni. Nonon Hasana, cikin mi anka gwada shi?"

Inna Dodo ta karɓi goron ta ɓare, ta dube ta a kaikaice.

"Cikin mi kuwa? Gidan Alhaji Tambari ina kig ga ludayi yanzu? Ni na ce a kawo duma, Hajiya tac ce jikanta ba a gwada mashi nono cikin kayan talakkawa. Wani kohi taɗ ɗauko cikin kabad, mai bakin zinari, tsarabar Makka. Kina ganin huskarki ciki."

Balaraba ta fito da kofinta da ludayi daga jaka. Ta roƙi tsohuwar ta tatso mata madarar akuyar kaɗan, ta raba biyu, rabi a ludayi rabi a kofi, ta ce Inna ta zaɓi tururuwar da hannunta. Suka durƙusa su biyu a bakin rami, tsohuwa da budurwa, kai da kai. Na ludayi suka haye suka kama gabansu. Na kofi suka yi ta zagaye har suka mutu.

"La ilaha illallahu," in ji Inna Dodo. "Akuyar ga da ta yi renon marayu biyar, yau ita ta mai guba?"

Ta ƙwace tsinken ta sake gwadawa da kanta, ta musanya madarar, ta kofi ta koma ludayi. Suka fita. Ta zauna daɓas a ƙasa ta riƙe haɓa.

"Ni ko ina ta mamaki. Tun da kuɗin ga sunka shigo gari, nonon matan masu hali ya bi ya lalace, na matan talakkawa ko garau. Na ɗauka shayi da bota na ka ɓata musu jini. Ashe kabad ta!" Ta yi dariya har da tari, sannan dariyar ta ɗauke. Ta zuba wa kofin ido, leɓenta yana motsi kamar mai lissafin gidaje. "Tashi mu tahi. Amma in mun shiga, ke bebiya ta. Bakinki ya riga ya yi nashi aiki."

A zauren gidan Alhaji Tambari ana ta sauke buhunan shinkafar suna. Hajiya Dije ta ga wadda ke bayan Inna Dodo, fuskarta ta haɗe.

"Ɗiyata ta, ita ka riƙa mani kaya," in ji tsohuwar, ta wuce ciki ba ta jira izini ba. "Hajiya, mai jego ta sha bauri na gyaran nono kwana ukku, ko? To ai sai a sake gwaji. Nono kamar rijiya na, wani lokaci sai an kwashe na sama."

Hajiya ba ta iya musa wa ungozoma ba. Ta buɗe kabad ta ɗauko kofin mai bakin zinari.

"Mai da shi," in ji Inna Dodo. "Wanga na baƙi na. Ranar nan ma kunyarki nij ji. Kakanninmu da duma sunka san nono, tururuwa ko ba ta je Makka ba."

Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale da dariya, Hajiya ma sai da gefen bakinta ya motsa. Aka ce Balaraba ta fito da ludayi. Ta wanke shi da ruwan zafi, ta jiƙa tsumma mai ɗumi ta gasa wa Hasana ƙirji a hankali har taurin ya saki, ta tatsa. Nonon ya riga ya tsinke ya yi fari, ba kaurin dakashi irin na ranar farko. Duk wannan ta lura da shi, duk ta san abin da ta gani a gida, amma da tsohuwar ta saki tururuwa uku a ciki sai shakka ta kama ta. Ta rataya abincin yaro da karatunta a ƙafar ƙwaro.

Mata suka yi da'ira. Tururuwa ta farko ta miƙe kai tsaye ta haye. Ta biyu ta bi ta. Ta ukun kuwa sai ta tsaya tsakiya tana juyi, ta nufi nan ta fasa, ta nufi can ta fasa.

"Wagga irin mijina ta," in ji wata mata. "Ba ta san hanyar gida ba."

Ba wanda ya yi dariya sai da ta kai gefe, ta ɗora ƙafa, ta ja jiki ta fito ta tsaya a bakin ludayin tana share gashin baki. Guɗa ta tashi har maza suka leƙo daga zaure.

Sai dai yaron ya saba da roba. Aka kai shi ƙirji ya kau da kai yana tsala kuka, Hasana kuma kunya ta hana ta ko riƙe shi da kyau. Hajiya ta fara waiwayen fida. A nan Balaraba ta matsa, ba ta ce uffan ba. Ta sa matashi a cinyar mai jego, ta juya jaririn cikinsa ya manne da na uwarsa, ta ɗiga masa nono a leɓe, ta jira. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya wage baki zai sake kuka, ita kuwa ta tura shi gaba a daidai lokacin. Kukan ya yanke. Ɗakin ya yi shiru har ana jin haɗiyarsa. Hasana ta saci kallonsa sau ɗaya ta ƙasan ido, ta mai da kai ga bango, hawaye yana bin kuncinta.

Da za su fita Hajiya Dije ta rako su har bakin zaure, abin da ba ta saba ba.

"Malama, gobe ki zaka ki duba shi. Ranar suna ma ki zo." Ta ɗan tsaya. "Amma bakin nan ki baro shi gida."

Sista Mariyatu tana cikin ɗaure littattafanta a kwali lokacin da Balaraba ta ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta zauna a kan kwalin.

"Da ta ukun ta mutu fa?"

"Da na roƙi a sake, Sista."

"To me kika koya musu? Har gobe sun yarda tururuwa ce alƙalin nono."

Balaraba ta yi tunani. Abin ya dame ta tun a hanya.

"Ban koya musu komi ba tukuna. Amma yaron yana sha, kuma sun ce in dawo."

"Nan gaba fa?"

"In na yi ta dawowa, wata rana za su tambaye ni. Sannan in faɗa."

Sista ta miƙe ta ci gaba da ɗaurin kwalinta.

"Kaduna akwai sauro," in ji ta. "Ki sayi gidan sauro mai kyau, na makarantar duk a yage suke."

Da damina ta faɗi Balaraba ta hau motar Kaduna. A can ta koyi yadda ake gane rijiyar da masai ya gurɓata, da yadda ake bin sawun ƙyanda daga gida zuwa gida har a kai inda ta faro, da yadda ake auna yaro a san ya tsaya da girma tun uwarsa ba ta lura ba, da yadda ake tsara rigakafi ga unguwa guda. Ta dawo da shuɗiyar riga aka ba ta asibitin awon da Sista ta bari. Daga baya, da Mabera ta cika da gidaje, aka mai da ita can, ta yi ta bin sababbin lunguna har gashinta ya fara fari.

Maganar gwajin nono kuwa, shekaru ta ɗauka. Ba ta ƙara kiran abin camfi a gaban kowa ba. Gida gida ta bi tana roƙon a sa jariri a ƙirji tun ranar da ya faɗo, dakashi da komai. Wasu gidajen suka bar gwajin gaba ɗaya. Wasu suka ce su fa ba za su yar da abin kakanni ba, sai dai a haɗa biyu, yaro yana tsotso a ɗaki, tururuwa tana iyo a tsakar gida. In ƙananan ma'aikata suka kawo mata ƙara cewa har yanzu ana yi, takan tambaye su da wanne aka fara. In sun ce da yaron, sai ta ce su wuce gida na gaba.